Ƙaramin Gidan da ke Ƙarƙashin Taga

Litinin, 3 ga Yuni, da hantsi

Sun zo. Motoci biyu, da ƙaramar katafila, da maza masu hular kwano. Shekara da shekaru ana ce mana za a zo, za a zo, har Uberlinda ta hawan ƙasa ta ce ita ta haƙura, jikokinta sa gani. To ga shi ta gani da idonta. Tun da sassafe tana tsaye a bakin matattakala, kwat a kan rigar barci, tana washe musu baki kamar 'yan'uwanta ne suka dawo daga tafiya.

Aikin dai kowa ya haddace shi. Za su yanke ɗakunan da mutane suka manna wa benen da kansu, su kafa ginshiƙai ta baya tun daga ƙasa har hawa na uku, kowane gida ya samu ƙarin ɗaki biyu na siminti. Wanda ya zana benen nan tun farko ya ɗauka miji da mata ne da yara biyu da ba za su taɓa girma ba. Yaran suka yi rashin kunya suka girma, suka yi aure, suka haifa, kuma ba wanda ya tafi ko'ina. A gidan Uberlinda har ƙarƙashin teburin cin abinci akwai mai kwana.

Na sauka wurin animita, ɗan gidan kwanon da na kafa wa marigayi ɗana a gindin bene, kamar kowace Litinin. Na share, na canza wa furanni ruwa, na goge gilashin hoton, na kunna kyandir. Millaray jikata ta biyo ni, ta tsuguna tana leƙa ciki.

"Kaka, yaya Kawu yake shiga? Ƙofar ta yi ƙanƙanta."

Na ce ba jiki ne ke shiga ba. Na ce duk wanda ransa ya fita a fili, ba a kan gado ba, ran yakan tsaya a wurin yana dawurwura, shi ya sa ake kafa masa ɗan gida daidai inda abin ya faru, don ya samu mafaka. Ta ce to me ya sa nasa shuɗi ne. Na ce ta hau sama, uwarta na nemanta.

Wani cikin ma'aikatan ya cire hula da zai wuce ta gaban wurin. Na ji daɗin wannan.

Laraba, 5 ga Yuni, da yamma

Sun ja igiya, sun zuba farar ƙasa a duk inda ginshiƙi zai tsaya. Tun daga nesa na hango, ina dawowa daga kasuwa da buhun gwanjona. Alama ɗaya ce ba su zuba ba.

Shugabansu ya hauro, Don Erwin, wani gajere mai furfura a gashin baki. Ya tsaya a ƙofa yana haki, hula a hannu.

"Señora Nolfa, kin ga inda igiyar ta bi?"

"Ban makance ba tukuna."

"Ginshiƙin kusurwa ne. Daidai kan ɗan gidan zai sauka."

"Ku matsar da shi."

"Da yana matsuwa, da ban hau bene uku da wannan gwiwar tawa ba. Babban bututun ruwa na gefe guda, ɗaya gefen kuma bango ba zai haɗu ba. In babu ginshiƙin nan, babu ɗakin kowa a ɓangaren nan, daga ƙasa har sama."

Na ce to su ɗauke mana, ai filin na kowa ne, ba da shi na zo duniya ba.

Ya yi ƙasa da kai. "A takarda haka ne. Amma yarana ba mai taɓa animita, ko da kora ce. Ni ma ba zan taɓa ba. Na san wanda ya ture wata da katafila a hanyar Rancagua, har yau hannunsa bai ƙara riƙe cokali ba. Uwa ce ke ɗagawa, señora. Da hannunta, ta gaya masa inda za ta kai shi. Haka na taso na gani."

"To ni dai ban hana kowa ba."

Ya kalle ni, ya mai da hularsa, ya sauka. Ban ba shi shayi ba.

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan shayin yamma

Yasna ta yanka burodi, ta shafa wa yara fiya. 'Yata ce, amma in baƙo ya gan mu a tebur zai ɗauka haya take yi a gidan. Cikinta ya shiga wata bakwai, sai ta karkace take zama. Aníbal mijinta ya kafa ido a kofinsa kamar akwai labari a ciki. Kowa ya ji abin da Don Erwin ya faɗa, bango ba ya riƙe magana a benen nan. Ba wanda ya ta da zancen, ƙarar cokali kawai ake ji.

Da suka gama suka bi ta ƙofar kicin suka shige ɗakin baya, su huɗu. Katako ne da kwano a kan dogayen ƙarafa, kamar akurkin kaji da aka ɗora a kan sanduna. Waldar ƙarafan, wadda ɗana ya yi wa Yasna, ba ta da aibi, kowa ya shaida, har Don Erwin na ga yana shafa ta da yatsa jiya. Rufin ne Aníbal ya ƙarasa, shi ya sa yake yoyo.

Ni ba na shiga can. Ƙafata ba ta son katako.

Litinin, 10 ga Yuni, da safe

Na kunna. Shekara huɗu ke nan, kuma Yasna ba ta taɓa saukowa ta kunna wa ɗan'uwanta ko guntun kyandir ba. Litinin ta farko ta sauko da nata, na ce akwai isasshe. Shi ke nan sai ta riƙe abin. Ai ban hana ta ba.

Laraba, 12 ga Yuni, da rana

Ruwa.

Alhamis, 13 ga Yuni, da magariba

Ruwa har yanzu. Ba a ganin duwatsu sam. Ba kasuwa, wa zai sayi rigar gwanjo jiƙaƙƙiya? Yini guda Yasna na wucewa ta kicin da bokiti, ta juye a banɗaki, ta koma. Na ce ta bar wa mijinta, ciki ba ya son nauyi. Ta ce mijinta na wurin aiki. Iyakar hirarmu ke nan yau.

Na soya musu fanken kabewa, tunda ruwa ake yi. Yaran suka cinye tas. Millaray na tari.

Da Aníbal ya dawo, ya tsaya a bayana yana murza hannu a gaban hitar kananzir. Na san akwai magana.

"Suruka, katifar yaran ta jiƙe. Ɗakin gefe... ko su kaɗai ne, zuwa ruwan ya ɗauke."

Na ce akwai kaya a ciki.

"Sai mu matsar da su a hankali."

Na ce akwai kaya a ciki.

Suka shimfiɗa wa yaran a falo, tsakanin tebur da firji. Na rufa musu bargona mai nauyi. Kar wani ya ce ban yi komai ba.

Asabar, 15 ga Yuni, da yamma

Taron kwamiti a ɗakin taron unguwa. Da na shiga surutu ya mutu. An bar mini kujera a gaba kamar amarya.

Yarinyar da ta zana aikin ta zo da babbar takarda. Tana da kirki, ba zan yi mata ƙarya ba, kuma takalminta ya sha taɓo kamar na kowa. Ta ce ta yi tunani sosai. Za su bar ɗan gurbi a jikin sabon bango, su liƙa masa tayil shuɗi, da rufi don kada ruwa ya kashe kyandir, har da ɗan benci. Ta nuna mini a zanen da bakin biro. Taku kaɗan ne daga inda yake yanzu, in ji ta.

Na ce, "Ba a can ya faɗi ba."

Wata a baya ta ce, "Ya Ubangiji." Mijin Marlén na hawa na biyu, wanda ko gaisuwa sai ya ga dama, ya miƙe ya ce shi yana girmama matattu, amma surukinsa a kujera yake kwana shekara shida, shi ma ai kusan mataccen ne. Aka yi dariya, aka kuma ji kunyar dariyar.

"Ga guduma can a motar Don Erwin," na ce masa. "Kai namiji ne, je ka ɗauke. Ni ban hana kowa ba."

Ya zauna. Duk bakinsu ne, ba mai iyawa. Rabin matan da ke ɗakin nan sun taɓa durƙusawa a gaban ɗan gidan suna roƙo. Wannan mijinta ya samu aiki, waccan an sako ɗanta, wata ƙullutun ƙirjinta ya zama ba komai ba. Allunan godiyarsu na nan jere a jikin kwanon, har wuri ya ƙare suka koma liƙawa a ƙafar ƙarfe.

Yasna ba ta zo taron ba.

Litinin, 17 ga Yuni, da safe

Na kunna. Iska ta kashe. Na sake kunnawa.

Laraba, 19 ga Yuni, da yamma

A kasuwa mutanen benenmu sun koyi sabuwar hanya, ta bayan mai kifi, don kar su bi ta gaban shimfiɗata. Su bi. Wando ɗaya na sayar, shi ma baƙuwa ce.

Ma'aikatan sun haƙa duk ramukan ban da ɗaya. Sun ɗaure rodi sun jingine, yanzu zaune suke a ƙarƙashin leda suna karta. Don Erwin ya tare ni a ƙofar shiga. Bai yi kwana-kwana ba, na yaba masa. Kamfani ba zai ci gaba da biyan mutane suna karta ba. Ran ɗaya ga wata za a zo a ɗauki katafila a kai benen da ke bayan makaranta. Namu ya koma ƙarshen layi.

"Ƙarshen layin nan ina ne?"

"Ban taɓa ganinsa ba, señora. Na dai ji ana faɗa."

Ina hawa na ji Millaray na tari tun daga hawa na biyu.

Juma'a, 21 ga Yuni, da rana

Ruwa. Bokiti. Na buɗe ɗakin gefe don in duba ko bango ya jiƙe. Bai jiƙe ba, shi ne ɗakin da ya fi bushewa a gidan. Gilashin waldar ɗana na rataye inda ya bar shi. Na rufe.

Litinin, 24 ga Yuni, da hantsi

Ban so in rubuta wannan ba.

Na tarar da Uberlinda ta riga ni. Tana durƙushe da ƙyar, da guduma ƙarama da sabon allo, tana neman inda za ta kafa. Shekara talatin muna tare da matar nan, ita ta riƙe ni ranar da abin ya faru. Na ce godiyar me kuma, ko haƙorinta ne ya tsiro?

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Nolfita, zauna."

Na ce tsaye ma ina ji.

"Kin san wa ya kawo mana aikin nan? Kin ɗauka kwamiti ne? Kwamitin da ko fitilar matattakala ya kasa gyarawa? Mu muka roƙe shi. Ni da Marlén da matan hawa na biyu, shekara uku, duk Litinin bayan kin hau. Muka ce, yaro, kai ka san ciwon rashin ɗaki, kai ka san ƙarfe da siminti, ka sa baki. Benaye nawa ne a unguwar nan? Namu aka fara zaɓa. Shi ya ba mu, Nolfa. Ke ce kike hanawa da sunansa."

Ashe ko a can ɗin ma ba a bar shi ya huta ba. Yana da rai kowa, "zo ka liƙa mini ƙofa, zo ka ɗaga mini tanki," bai taɓa iya cewa a'a ba, ko abinci yake ci sai ya ajiye. Yanzu ya mutu, an sa shi neman kwangila.

Na ce, "Ai ba ku ne na farko da kuka roƙe shi ɗaki ba. Wadda ta fara roƙo ta samu nata. Kowa ya ga abin da aka biya."

Da ƙarfi na faɗa. Uberlinda ba ni take kallo ba, bayana take kallo. Na juya. Yasna ce a kan matattakala, da kwandon shanya a kan cikinta.

Ta ajiye kwandon a hankali, ta juya ta hau, tana dafa bango.

Uberlinda ta ce, "Allah ya yafe miki bakin nan."

Ni na ɗauko kwandon. Na shanya kayan, ruwa ya sake jiƙa su.

Talata, 25 ga Yuni, da yamma

A ɗakin baya suka sha shayinsu.

Alhamis, 27 ga Yuni, da yamma

Aníbal bai je aiki ba kwana biyu. Yana dawowa da taɓo har gwiwa da tsagar katako a tafin hannu. Millaray ce ta gaya mini, da murnarta: babanta na gina musu gida a kan tudu, can inda mutane suka mamaye fili bara. Ta ce daga can ana ganin duk garin, kuma mota ce ke kawo ruwa, ba famfo ba, tana yin hon.

Na tare Yasna a kicin. Na ce mai ciki wata bakwai ba ta hawa tudu a tsakiyar sanyi. Na ce can ba wuta sai ta sata, kuma ko yaushe hukuma na iya zuwa ta rushe.

"Na sani, Mama."

"To?"

"To me?"

Ta tsaya tana jira. Na ga tana jira. Maganar na nan a bakina, na ji nauyinta. Sai na ce ta tafi da hitar kananzir, ni bargo ya ishe ni.

Ta ce sun gode.

Asabar, 29 ga Yuni, da rana

Motar ɗan'uwan Aníbal ce ta kwashe su, sawu ɗaya. Ban san kayan mutum huɗu ba su da yawa haka ba. Katifa biyu, tukwane, keken yaro, jakar kayan jaririn da na tsinto musu a gwanjo.

Millaray ta ruga ta yi wa Kawu sallama, ta bar masa alewa a ƙofa. Yasna ta shiga gaban mota ba ta ko waiwaya wurin ba. Ni ta sumbace ni a kumatu, leɓenta sanyi ƙalau.

Duk benen na tagogi suna kallo. Su kalla. Ban kori kowa ba.

Lahadi, 30 ga Yuni, da safe

Na sayo burodin mutum biyar. Sai a matattakala na tuna.

Litinin, 1 ga Yuli, da tsakar rana

Zan rubuta.

An kwana ana ruwa. Da na fito kicin na taka ruwa, yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin baya. Bokitan sun cika, ba mai juyewa. Na tsaya, na tsaya, ruwan ya kai ƙafar firji. Sai na tura ƙofar.

Ƙaramin ɗaki ne. Ban san ya kai haka ƙanƙanta ba. Katakon ya yi baƙi, bango duk kwali ne da leda da Yasna ta liƙa, ga zanen yara a jiki. Sanyin da ke ciki ya fi na waje. Ana ganin shatin inda gadonta yake, a jikin taga, don ba wani wurin da zai shiga.

Tagar. Ita yake ɗaurawa a ranar da ya faɗo.

Na ce ba zan matsa ba, na matsa. Taga ɗaya ce a ɗakin, kuma ba ta kallon komai sai ƙasa. Ba duwatsu, ba titi, bangon wancan benen ya tare. Rufin shuɗin kwano kawai, da gicciye, da furannina, daidai ƙarƙashin inda kanta yake in ta kwanta. Duk safiyar duniya da wannan take buɗe ido. Ko labule ba ta sa ba.

A bakin tagar akwai murfin kwalba, ya nutse cikin kakin kyandir. Kakin ya taru ya yi tudu, ya gangaro ta jikin katako ya daskare, fari a kan ja a kan fari, kaurinsa ya fi tafin hannuna. Wannan ba na wata ɗaya ba ne, ba na shekara ɗaya ba ne.

Kyandir a ɗakin katako, da yara. Wawuya. Da ta ƙone su duka. Haka na tsaya ina zaginta ni kaɗai, har na zauna a cikin ruwan.

Ban juye bokitan ba.

Litinin ɗin dai, da yamma

Da na sauka, babbar mota ta riga ta zo, ana ɗaure katafila da sarƙa. Uberlinda na bakin ƙofarta. Na ce mata, kin san Yasna na kunnawa a sama?

"Kowa ya sani. Duk Litinin da yamma ana ganin hasken daga nan. Ke kaɗai ce ba kya ɗaga kai in kin zo wurin."

Na je na ce wa Don Erwin ya ara mini guduma da kurfi. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗaga wa direba hannu, aka kashe mota. Ya miƙo mini, ya buɗe lema ya riƙe a kaina.

Simintin ƙasan ya yi tauri, ni na sa aka zuba shi da yawa don kar ɓarayi su ɗauke kwanon. Na daɗe ina dukansa. Mazan na tsaye zagaye da ni, huluna a hannu, ruwa na dukan kansu, ba wanda ya taimaka don ba a taimakawa. Sau ɗaya Don Erwin ya ce, "Ta gefe, señora, ba ta sama ba." Na fasa yatsa. Matan suka fito ɗaya bayan ɗaya suna cire allunansu.

Da ya saki, na durƙusa na sa baki a ƙofar. Ban shirya abin da zan ce ba. Na ce, "Danilo, tashi mu hau sama. An zo yin ɗakin da suka roƙe ka."

Shekara huɗu ban kira sunan a fili ba.

Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na rungumo shi har hawa na uku, na buɗe ɗakin gefe na ajiye shi a kan gado. Kafin in sauko sun kwance sarƙar.

Laraba, 3 ga Yuli, da safe

Na kira Yasna. Ba ta ɗauka ba. Wataƙila ba sabis a tudun.

Laraba, da yamma

Akwai sabis. Aníbal ya ɗauki tasa. Ya ce tana kwance, ƙafafunta sun kumbura. Na ce ya gaya mata an ci gaba da aiki, kafin kaka ɗakuna biyu sun tashi, kuma ɗakin gefe a buɗe yake tun yanzu. Na ji ya rufe wayar da hannu, na ji muryarta can ƙasa-ƙasa.

"Suruka, ta ce ta ji."

"Shi ke nan?"

"Ta ce ba rashin ɗaki ne ya fitar da ita ba."

Juma'a, 5 ga Yuli, da rana

Sun yanke ɗakin baya. Rabin yini ya ɗauke su, ƙarafan sun ba su wuya, injin yanka har ya ci faifai biyu. Don Erwin ya ce wanda ya yi waldar nan ya san aikinsa. Na ce na sani.

Kafin su fara na shiga da wuƙar kicin na ɓamɓaro kakin, ya fito guda da murfin a ciki. Yana cikin aljihun kwat ɗina.

An zuba siminti a ramin kusurwa. Uberlinda ta aiko da farfesun kaza, ban iya ci ba. Mijin Marlén ya gaishe ni. Yanzu inda ƙofar kicin take sun buga katako, iska na shigowa ta gefe. Gidan ya yi mini girma, kuma wai za su ƙara masa ɗaki biyu.

Litinin, 8 ga Yuli, da magariba

Da safe na ɗauki kyandir na sauka, ƙafata ta kai ni da kanta. Ginshiƙi na tarar, da rodi tsaye a kansa. Na koma sama, na tsaya a gaban gadon. Nan ma ba wurin ba ne. Sai na ƙara kyandir ɗaya a jaka, na sayi burodi da galan ɗin kananzir.

Mota biyu na shiga, sauran da ƙafa. Taɓo ya cire mini takalmi sau biyu. Wata mata mai tallan gawayi ta nuna mini gidan su Yasna, na ƙarshe kafin turakun wuta. Katakon ɗaukar kaya ne da leda baƙa, rufin kuma aikin Aníbal, an ɗora masa duwatsu da tsohuwar taya.

Millaray ta hango ni ta yi ihu. Yasna ta buɗe ƙofa ta tsaya a bakinta, hannu ɗaya a ƙugu. Ta rame a fuska. Ba ta ce in shigo ba, ba ta ce in koma ba.

Duk abin da na tsara a mota ya gudu. Na ajiye galan. Na ciro kakin daga aljihu, da kyandir biyun, na riƙe su haka nan a tafin hannu kamar mai talla.

Ta daɗe tana kallonsu. Ta cije leɓe.

"Ba mu da taga a nan, Mama."

Na leƙa ta bayanta. Gaskiya ne, babu, duhu ne da rana tsaka.

Na ce, "To a ƙasa."

Can ta matsa gefe kaɗan, daidai yadda mutum ɗaya zai wuce in ya karkace. Ta ce in cire takalmi, yanzu ta goge.

Ashana ta jiƙe, sai da muka aika Millaray ta aro a maƙwabta. Yasna ce ta kunna duka biyun, ni na tare mata iska da hannu. Ba ta ce za ta dawo ba, ni ma ban tambaya ba.

Bokitinsu ɗaya ne, kuma rufin na yoyo a wuri uku. Gobe zan kai musu nawa.